Layi a Tsakiyar Gilashin Alhaja

Ranar Asabar ce, a farkon watan Nuwamba na shekarar 1983, da ƙarfe biyu da rabi na rana. Mu biyu ne a falon, ni da matar da nake haya a gidanta a Funtuwa, wadda duk unguwa ke kira Alhaja. Ƙofa a buɗe take, labule a ɗage. Ta kwance ɗan makulli daga gefen zaninta, ta buɗe ƙyauren akwatin talabijin, ta koma kujera ta zauna. Ta ce in nuna mata abin da na ce zan nuna, in kuwa na fasa mata talabijin to in fara haɗa kayana.

Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ban yi aure ba. Gidan rediyon da nake wa aiki a Kaduna ne ya turo ni Funtuwa don in riƙa ɗauko muryoyin manoma saboda shirin noma na mako-mako. Da safe nakan ɗaure rikoda a bayan babur in nufi Dandume, ko Gozaki, ko ƙauyukan da ke kan hanyar Malumfashi, in tambayi mutane yadda sabon irin masara ya karɓe su da abin da tsutsa ta yi wa auduga. Ranar Litinin in ba direban motar Kaduna faya-fayen. Mutanen karkara suna girmama makirufo. Ana shimfiɗa mini tabarma, a dama fura, a amsa tambaya a tsanake, da na kashe rikoda kuma hira ta ƙare. Nakan dawo gari kafin ƙarfe biyu, in yi azahar, in shiga ɗaki. Daga nan har wayewar gari, yawanci ba wanda nake magana da shi sai mai shayi.

Ba wanda ya ƙi ni a Funtuwa. Kowa dai yana da mutanensa. Ni ɗan ƙasar Gobir ne, gidanmu tafiyar yini guda ce. Majalisun ƙofar gida cike suke da waɗanda suka tashi tare tun ƙuruciya. In na zauna akan matsa mini, amma sai hira ta koma kan farashin taki, kowa ya gyara harshe, domin mutumin rediyo ya zo. Na yi haka sau kaɗan na daina, don in bar su su yi hirarsu.

Na'urar wasan ba da niyya na same ta ba. Wani Bature mai aikin gona da zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa. Na je don dutsen guga, aka haɗa mini da wani kwali da ba wanda ya taya. A ciki akwai baƙin akwati mai faɗin littafin rajista, da 'yan hannaye biyu masu igiya, kowanne da abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, sai takardar bayani da Turanci. Takardar ta ce wasan ƙwallo ne da ake yi a gilashin talabijin, na mutum biyu. Ba ni da talabijin, ba ni da mutum na biyu. Kwalin ya yi wata huɗu a ƙarƙashin gado.

Alhaja Bayarba ce, 'yar Ogbomosho. An kawo ta Funtuwa tana amarya, ta kuma shekara kusan arba'in a garin. Hausarta ta fi ta wasu da nake ɗauka a rikoda tsabta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure a kudu, babban ɗanta namiji yana aiki a Legas. Tun da gwiwa ta hana ta zaman kasuwa take sayar da atamfa da leshi daga cikin gida. Masu saye da safe suke zuwa, da rana gidan shiru. Ranar da na je neman ɗaki ta dubi tsagen da ke kumatuna, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, ta ce, "Bagobiri ne? Allah ya kawo mini bawa har gida."

Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kakanni. Kowane ɓangare yana cewa shi ne ubangidan ɗayan, ana zolaya, ana zagi na raha, ba a fushi, babba da yaro duk ɗaya ne. Na ce mata ai zuwa na yi in duba yadda baiwata take riƙe mini gida. Ta ba ni ɗakin ba tare da ta nemi wanda zai tsaya mini ba. Daga ranar Bagobiri take kirana, ni kuma Bayarba nake ce mata in muna mu biyu, Alhaja a gaban mutane.

Talabijin ɗin ɗanta ne ya saya mata a shekarar da ya fara aiki. Baƙi da fari ne, mai ƙafa huɗu da ƙyauren katako. Eriyarsa tana kan doguwar gora a bayan gida, tana fuskantar Kaduna. An manna wa gilashin wata leda mai shuɗi a sama, ja-ja a tsakiya, kore a ƙasa, irin wadda ake sayarwa a kasuwa a lokacin don a ce talabijin ya zama mai launi. Tasha ba ta buɗewa sai ƙarfe biyar na yamma. Da ta buɗe matan maƙwabta da 'ya'yansu sukan cika falon, wurin kuma ba na tuzuru ba ne, don haka ba na shiga. Kafin biyar akwatin a kulle yake, ba abin da yake yi.

Shara ce ta kai mu ga wannan Asabar ɗin. Na fito da kwalin tsakar gida don in share ƙarƙashin gado, ta gan shi ta tambaya. Da na yi mata bayani ta ce ƙaryar Gobirawa ce, ba yadda za a yi mutum yana zaune a Funtuwa ya motsa abin da ke cikin talabijin, ai daga Kaduna ake turo shi. Na ce ta ba ni minti goma.

Na zare wayar eriya daga bayan akwatin, na soka ta na'urar a gurbinta, na sa batir shida. Gilashin ya ɗauki lokaci kafin ya yi zafi, sannan ya kawo farin yayyafin nan da ƙarar shuu da yake yi in ba tasha. Na dinga murɗa abin neman tasha a hankali, kamar yadda nake neman gajeren zango a rediyo, har yayyafin ya ɗauke, gilashi ya yi baƙi. Hoton ya fito yana gudu sama, na zagaya baya na tsayar da shi da ɗan maɓallin da ke can. Abin da ya bayyana bai da yawa. Farin layi ne tsinke-tsinke daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar gilashi, da 'yar sanda a tsaye a hagu, wata a dama, sifiri biyu a sama, sai wani ɗigo mai kusurwa huɗu yana kai da kawo. Shi ne ƙwallon. In ka murɗa abin hannunka sandarka ta yi sama ko ƙasa. In ƙwallon ta wuce ka an ci ka ɗaya. Wanda ya fara kai sha biyar ya yi nasara. Sautin daga cikin na'urar yake fita, ƙit, ƙit, duk lokacin da ƙwallon ta bugi sanda.

Na miƙa mata ɗaya daga cikin 'yan hannayen na'urar. Ta murɗa, sandar dama ta yi sama. Ta murɗa baya, ta sauko. Ta yi haka sau huɗu ko biyar.

"Ni nake motsa wannan?"

"Ke ce, Bayarba."

"Daga nan inda nake zaune?"

"Daga nan."

"To matsa gefe. Ƙaton kanka ya tare mini rabin gilashi."

Na ci ta sha biyar da biyu a ranar. Ta ce asiri na yi, gobe in dawo bayan azahar ta karya shi. Da aka kira la'asar na mayar da wayar eriya, ta kulle ƙyaure, ta ɗaure makullin a zani.

Haka abin ya zauna, tsakanin azahar da la'asar, kwana biyar ko shida a mako. Na fara lura ina gaggauta tambayoyin ƙarshe a ƙauye don kada in wuce ƙarfe biyu a hanya.

Cikin wata guda ta fara cina. Yatsun da suka shekara arba'in suna murza yadi don jin ingancinsa sun fi nawa natsuwa. Ni ina bin ƙwallon da ido, in murɗa da ƙarfi in wuce wuri. Ita jira take, sannan ta motsa kaɗan. Ita ta riga ni gane cewa in ƙwallon ta bugi bakin sanda takan tashi a karkace, ta kuma yi mako biyu tana cina da wannan kafin in gane abin da take yi.

Ta kuma fi ni sanin talabijin ɗinta. Hoton bai zauna daidai a tsakiya ba, ya ɗan zame hagu, har rabin sandar hagu ya ɓuya a bayan katako. Ni take ba hagu kullum. Da na yi ƙorafi ta ce tun yaushe bawa ya fara zaɓen gefe. A lokacin auduga wutar lantarki takan yi rauni a unguwarmu da rana. Mutane suna cewa injinan gurzar auduga ne ke janye ta, ban taɓa tabbatarwa ba. Abin da na gani shi ne hoton yakan tsuke, baƙi ya zagaye shi ta ko'ina, sai sandata ta fito gaba ɗaya. A irin ranakun nan nake samun sa'a, ita kuma ta ce wasan ranar ƙarancin wuta ba ya shiga tarihi.

Ledar launin ce matsalarta. In ƙwallon ta gangara cikin koren ƙasa takan dushe, idon Alhaja kuma ya fara yana. Na ce a cire ledar, ta ce ita launi ta saya, ba mai raba ta da shi. Maganin da ta samo shi ne ta murɗa hasken gilashin har ƙarshe, ta murɗa abin da ke raba fari da baƙi shi ma har ƙarshe. Layin tsakiya ya koma yana ƙyalli kamar fitilar mota.

Tsakanin wasa da wasa mukan huta, ta aike ni in ɗauko ruwa a randa, ta ce aikina ne na gado. A nan take ba ni labarin Funtuwar da ta tarar ranar da jirgin ƙasa ya sauke ta, da yadda ta yi wata shida ba ta iya sayen gishiri da bakinta ba, da yadda mijinta yake ƙirga mata kalmomin Hausa biyar kowace safiya kafin ya fita. Ni ma nakan faɗi abin da ban shirya ba, kamar rashin lafiyar mahaifiyata, ko yarinyar da na nema aka ba wani. Ba ta tausaya mini da baki. Takan ce yarinyar ta yi dabara, wa zai auri mutumin da tsohuwa ke ci sha biyar da shida. A duk garin, a falon nan kaɗai nake magana ba da muryar aiki ba. Awa ɗaya da rabi ce, kuma ita ce abin da nake da shi a Funtuwa.

Takardar bayanin na karanta ta duka tun makon farko, domin ɗabi'ata ce ban barin takarda rabi. A shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, an yi gargaɗi. Hoton da ba ya motsi, in ya daɗe a wuri guda da haske mai ƙarfi, yana iya ƙona cikin gilashin ya bar tabon da ba ya fita. An ba da shawara a rage haske. Sanduna suna motsi, ƙwallo tana motsi, amma layin tsakiya ba ya zuwa ko'ina, haka ma wurin lambobi.

A watan Janairu na gaya mata. Ban zaɓi lokaci mai kyau ba, domin ta gama cina ke nan. Na ajiye abin hannuna na ce, "Bayarba, akwai abin da ya kamata ki sani. Takardar na'urar nan ta yi gargaɗin cewa yawan haske yana iya ƙona gilashin talabijin, tabon kuma ba ya fita."

Ta saurara har na gama. Sannan ta gyara zama, ta kumbura murya, ta ce, "Jama'a masu saurare, ga sanarwa ta musamman daga Bagobirin da aka lallasa." Ta yi dariya har ta share ido da gefen gyale. "Jiya ka ce rana ce ta shiga idonka. Yau gilashi zai ƙone. Gobe kuma sai aljanu."

"Da gaske nake."

"Bagobiri da gaske. Ɗauki abinka mu ci gaba, la'asar ta kusa."

Bayan mako biyu na rage hasken da kaina tun kafin ta zauna. Ƙwallo ɗaya aka buga ta gane. Ta ce yanzu kuma idon tsohuwa nake so in cuta, ta tashi da gwiwarta mai ciwo ta mayar da shi ƙarshe. Na maimaita gargaɗin, ta maimaita sanarwar, muka ci gaba.

Ya kamata in faɗi wannan daidai. Rashin yardarta ba wauta ba ce. A falon nan na gaya mata kakana ya sayi kakanta da ƙwaryar gero ɗaya har aka ba shi canji. Na gaya mata Gobirawa ne suka koya wa Yarbawa ɗaura zani. Duk abin da ya fito daga bakina a wannan awa da rabi wasa ne, haka al'adar ta tsara, ba ta da dalilin ware magana ɗaya ta ce wannan ta gaske ce. Akwai hanyar da za ta ji, na kuma san ta. In je da safe, a lokacin da ba na wasa ba, in durƙusa in gaishe ta da Alhaja, takardar a hannuna. Da ta ji. Na kuma san abin da za ta yi in ta ji. Ba za ta iya wasa da ƙaramin haske ba, ba kuma za ta ƙona abin da ɗanta ya saya mata ba, don haka za ta kulle akwatin har ƙarfe biyar. Ban bi hanyar ba. Na gaya wa kaina cewa na faɗa, har sau biyu, wanda kuma gaskiya ne.

Mun yi wasa har cikin azumi, ta ce yana rage mata tsawon yini. A ƙarshen watan ne na fara ganin tabon. Iskar hadari ta juya eriya, ta aiko a kira ni in gyara gorar. Na leƙa falon don in ga ko hoto ya dawo, na tarar ana labarai. Mai karantawa yana sanye da farar babbar riga, sai ga wata inuwa siririya, tsinke-tsinke, ta sauko daga hularsa ta bi ta hancinsa zuwa ƙirji. Falon cike yake da mata, ba wadda ta lura, ledar launi tana rufe shi. Na ce hoto ya yi kyau, na fita. Washegari da biyu da rabi na zo da kwalina kamar kullum.

Ɗanta ya zo Babbar Sallah. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, haifaffen Funtuwa, Hausarsa irin ta 'yan gari, abokan ƙuruciyarsa suna ta sallama a ƙofa. Shi ba ya wasan zolayar da ni. Malam yake ce mini, ya kuma gode mini da nake ɗebe wa mahaifiyarsa kewa. Washegarin Sallah da hantsi ya ce zai share talabijin, ya ɓare ledar, ya ce a Legas an daina wannan tuntuni. Ina wanke babur a tsakar gida ya kira ni.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Na shiga. Alhaja tana kan kujerarta, ledar a kan cinyarta. Talabijin ɗin a kashe yake, amma da hasken ƙofa ana ganin layin sarai, launin ƙasa-ƙasa, daga sama har ƙasa, da tabo biyu a wurin lambobi.

"Na goge, ya ƙi fita," in ji shi. "Daga ciki yake. Mama ta ce akwai wani wasa da kuke yi."

Na ce haka ne, na yi masa bayanin yadda abin ke faruwa a taƙaice.

"Ana gyarawa?"

"Sai an canza kwalbar hoton, wato gilashin gaba ɗaya."

Ya tsaya yana kallon gilashin. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Ya ce shi da kansa ya ɗauko akwatin nan daga Legas a jirgin ƙasa, yana zaune a gefensa duk hanya don kada wani ya ɗora masa buhu. Sannan ya juyo.

"Amma Malam, kai mai karatu ne. Ka san zai yi haka?"

Kafin in buɗe baki Alhaja ta riga ni. "Wa, wannan? Ina Bagobiri zai san wani abu? Da ƙyar na koya masa riƙe cokali. Rabu da shi, ni da shi duk a duhu muke."

Ɗan ya fara murmushi. Abin da ake bukata daga gare ni kaɗan ne. In ce idon Bayarba ne ya huda gilashin saboda zafin son nasara, a yi dariya, maganar ta mutu. Ta buɗe mini ƙofa, ta kuma shiga tare da ni don kada in tsaya ni kaɗai. Amma tambaya aka yi mini kai tsaye, kuma shekara shida ana koya mini cewa in an faɗi abin da ba daidai ba a gabanka, ka gyara shi kafin a rufe shiri. Akwai kuma wani dalili da ban so in gani ba a lokacin. Ban so mutumin Legas ya ɗauke ni wanda bai iya karanta takarda ba, ko wanda ya karanta ya ɓoye.

"Na sani," na ce. "Yana cikin takardar. Na gaya wa Alhaja a watan Janairu, na sake gaya mata bayan mako biyu. Ita ce ta ce a bar hasken a sama."

Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ɗan ya juya wurin mahaifiyarsa ya yi mata magana da Yarbanci, jimla biyu ko uku, bai ɗaga murya ba. Ba na jin Yarbanci. Na dai ga ɗa yana yi wa uwarsa faɗa a gaban ɗan haya. Ta ninke ledar gida huɗu, ta dube ni.

"Haka ne, Malam," ta ce. "Ka faɗa. Ni ce ban ji ba."

Ɗan ya koma Legas bayan kwana uku. Bai hana komai ba. Na ce zan nemo wata kwalbar a Kaduna, ya ce a bari, ai ana ganin hoto. Ya yi mini sallama da hannu biyu, ya ce in ci gaba da sa ido a gidan.

Ranar Litinin da biyu da rabi na ɗauki kwalin na yi sallama a ƙofar falo. Tana ninke atamfa.

"Sannu da zuwa, Malam. An dawo lafiya? Ya mutanen ƙauye?"

Ta nuna mini kujera. Ta tashi da kanta ta kawo mini ruwa a kofin gilashi a kan faranti, irin wanda take kawo wa masu sayen leshi. Makullin yana ɗaure a zaninta.

Na ce, "Bayarba, yau sai na rama na makon jiya."

Ta yi murmushi. "Gwiwa ce ta matsa mini yau, Malam. Sai wani lokaci."

Ba a yin wasan da gwiwa, mu biyu mun san haka. Na sha ruwan, na zauna minti goma muna maganar damina, na ɗauki kwalina na fita.

Bayan kwana biyu na je da safe, na durƙusa, na gaishe ta da Alhaja, na ce ta yi haƙuri da abin da na faɗa a gaban ɗanta. Ta ce, "Haba Malam, me ka yi? Gaskiya ka faɗa. Tashi, Allah ya yi maka albarka." Na tashi. Sai a tsakar gida na gane cewa haƙurin ma da muryar gaske na ba da shi, ita kuma da muryar gaske ta karɓa, don haka ya ƙara nisa ne kawai. Wasan zolaya irin namu ba a roƙonsa. Wanda aka ɓata wa shi ke dawo da shi in ya ga dama, da zagi ɗaya. Na jira zagin.

Ba abin da ta rage mini. Ranar Juma'a takan aiko mini da abinci kamar da. In na yi zazzaɓi takan tsaya a ƙofar ɗakina ta tambayi jiki. Na ƙara gwada zolayarta sau biyu ko uku a watannin da suka biyo, takan yi murmushi ta ce, "Malam ke nan."

Da kaka na sayi ƙaramin talabijin na hannu a wurin wani mai gyara kusa da tashar jirgi. Hotonsa a tsakiya yake daidai, sanduna biyu duk a fili, ba leda. Na rage hasken yadda takarda ta ce. Na riƙe hannu ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ana iya yin wasan haka, ƙwallon tana kai da kawo, amma kafin kowace ƙwallo ta wuce na riga na san wane hannu zan bari ya yi kuskure. A makon farko nakan bar ƙofata a buɗe tsakanin azahar da la'asar, domin sautin yana kaiwa falonta, taku goma sha biyu ne. Labulenta bai motsa ba. Daga mako na biyu na rufe ƙofar, na ɗora tawul a kan na'urar. Kafin ƙarshen shekara na mayar da ita kwali.

An mayar da ni Kaduna a watan Maris na 1985. Ranar tafiya ta rako ni har ƙofar gida, ta ba ni turmin atamfa ta ce na matar da zan aura ne, ta yi mini addu'ar hanya. Bayan shekara biyu ɗanta ya zo ya tafi da ita Legas, aka sayar da gidan. A can ta rasu a shekarar 1989. Labarin ya iso ni bayan wata uku, daga bakin wani ɗan unguwar da na haɗu da shi a tashar mota.